Sawu a Kan Igiya Ɗaya

Ranar Juma'a aka yi satar, da rana tsaka, lokacin da rabin unguwar Tudun Wada ta Gombe ke masallaci, sauran kuma suna wajen neman abinci. An yi ruwa da hantsi ya ɗauke, ƙasa ta yi laushi. Margaret, matar Titus mai injin niƙa, ta dawo daga koyon waƙar zumuntar matan coci ta tarar an ɓalle tagar baya. Ɗan akwatin da ke kan teburin gindin tagar ya ce ɗauke ni inda kika ajiye. Akwatin nan 'yarta Jacinta ce ta zo da shi daga gasar wasannin ƙasashen Afirka, inda ta wakilci Najeriya, kuma kowa a unguwar ya san lambar yabo ce a ciki. Jibi Lahadi za a buɗe shi a coci, a wajen bikin godiya.

Ihu ɗaya Margaret ta yi, gida ya cika. Kafin ka ce kwabo kuma har an gano ɓarawo, domin mutanenmu ba sa ɓata lokaci a irin wannan aikin. A bayan tagar akwai sawun takalmin roba, na hagun da faci a dunduniya. Babu wanda bai san facin nan ba, kullum yana bin kurar ruwa lungu-lungu. Takalmin Fannami ne, ɗan ga-ruwan da ke haya a ɗakin zauren gidan, wanda rikici ya koro daga Borno shekara tara da suka wuce. Aka leƙa ƙofar ɗakinsa, ga takalmin da ɗanyen taɓo. Aka bincika, ashe ko Juma'a bai je ba.

Jerome, yayan Jacinta, mai tuƙa keke napep a Bolari, har ya ɗauko faskare. Mai unguwa ne ya shiga tsakani.

"Ba a gabana ba, Jerome. Ajiye."

"Ranka ya daɗe, mutumin da muka ba ɗaki! Lambar Najeriya guda!"

"Na ce ajiye. A kira Bamanga. In gobe la'asar ta yi ba a sami akwati ba, ni da kaina zan ce Fannami ya kwashe iyalinsa ya bar unguwar nan. Amma ba wanda zai taɓa shi."

Fannami yana tsugune a bakin ƙofarsa, zazzaɓi na kaɗa shi. Da ya ji maganar tashi bai ɗago kai ba, ya saba jin ta.

*

Bamanga tsoho ne Bafulatani, siriri kamar sandar da yake riƙewa. A da, in aka kore shanu tsakanin Dukku da Nafada, shi ake nema, ya bi sawu kwana uku bai kuskure ba. Yanzu igiya yake tufkawa a gindin wata darbejiya a Madaki. Abin da ya zaunar da shi kuwa, shekara goma sha biyu ke nan, ya bi wani sawu har ƙofar wani gida a ƙauye. Bai ma buɗe baki ba, sanda kawai ya nuna. Jama'ar da ke bayansa suka gama da mai gidan nan take. Bayan kwana biyu aka gane cewa mutumin a kasuwa ya sayi takalmin, da safen ranar. Tun daga nan wani abu ya mutu a ƙirjin Bamanga. Yana ci, yana salla, yana gaisawa da mutane, amma daɗi da ɗaci duk sun zama ruwan randa a bakinsa. Kuma ya rantse ba zai ƙara kiran sunan kowa ba.

Da ya iso bai kalli tagar ba. Ƙasa ya kalla.

"Kai jama'a, kun tattake rabin maganar," ya ce. "Ku ja baya."

Sawu bakwai ne suka tsira daga ƙafafun 'yan kallo, daga gindin taga zuwa lungun da ya gangara kwari. Ya tsuguna a kansu ya daɗe. Dunduniya ta nutse sosai, gaban takalmin kuwa da ƙyar ya taɓa ƙasa. Taku dogo ne. Ya ciro wata 'yar igiya daga jakarsa ya shimfiɗa a kai, ya duba, ya naɗe abarsa. Sannan ya sa Margaret ta kawo kwanuka da roba aka kife a kan sawun, aka danne da duwatsu.

"Bappa, me ka gani?" in ji Jerome.

"Takalmi."

"Ai shi muke faɗa! Na Fannami ne."

"Takalmin nasa ne. Ban taɓa ganin takalmi ya tafi yawo shi kaɗai ba."

Ya bi sawun har kwari. A can ruwan safe bai gama wucewa ba, ja wur yana gudu, sawun ya shiga ciki bai fito ba. Ya tsaya ya ga abin da zai gani, ya juyo.

*

A falo ya sami Titus zaune, garin masara har a girarsa. Shekara talatin yana kan injin niƙa, kunnuwansa sun biya kuɗin wuta. Sai da Bamanga ya yi tambaya sau uku kafin ta shiga.

"Yaya aka yi ka ji labarin lambar?"

"A waya!" Titus ya ce da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin kansa. "Ina kan inji ta kira. Na ce, Jacinta, kin samu lamba? Ta ce lamba! Da kunnena na ji. Na kashe inji, na fito titi ina rawa, ga mata nan da kwanukansu suna guɗa. Ran nan kyauta na yi niƙa har yamma."

"Wace iri ce?"

"Zinare mana!"

"Azurfa dai," in ji Margaret. "Haka na ji matan coci na faɗa."

"Mama, ko wacce ce, lamba lamba ce," Jerome ya ce. "Rediyo ma ya faɗa, Najeriya ta kwaso lambobi kamar an zuba a buhu. Kokawa, ɗaga ƙarfe, gudu, ba inda ba mu ci ba."

"Rediyon ya kira sunanta?"

Jerome ya sosa ƙeya. "Jimilla suka karanta. Su ai in ba ƙwallo ba ne ba sa kiran suna."

"A cikinku wa ya riƙe ta a hannu?"

Babu ko ɗaya. Margaret ta ce Jacinta ta sa wa akwatin kwaɗo tun daga hanya, ta ce a bari sai ranar godiya, Ubangiji ya fara gani. Mako uku ke nan akwatin yana kan tebur, baƙi na zuwa suna shafa shi suna ɗaukar hoto.

Ita Jacintar tana zaune a kusurwa, doguwa, baƙa, hannuwanta a kan gwiwa. An sace mata abin da ta yi shekara takwas tana nema, amma ko ɗigon hawaye babu. Matan unguwa suka ce ruɗewa ce.

"'Yata, ina kike da aka yi abin?"

"Na je kemis, Bappa."

"Wane wasa kike yi?"

"Tafiya."

"Tafiya?" Bamanga ya ɗan ɗaga gira.

"Tafiyar sauri," in ji Jerome. "Kilomita ashirin. Da har dariya ake mata a layin nan, wai tafiyar agwagwa. Yanzu kowa cewa yake 'yarmu ce."

Jacinta kuwa bango take kallo, kuma Bamanga ya san irin kallon nan, domin shi yake yi wa darbejiyarsa.

*

Ɗakin Fannami taku huɗu ne daga ƙofa zuwa bango. Matarsa Ya Aisa ta shimfiɗa babban zane a ƙasa tana jera kaya a kai: tukwane biyu, hulunan da take ɗinkawa, takardun makarantar 'yarsu Aisha Humaira.

"Ya Aisa, ai wa'adin sai gobe," in ji Bamanga.

"Na sani, Bappa. Ba na son a yi mini gaggawa. Wancan karon a gaggauce muka fito, ko cokali ban ɗauka ba."

Ba da kuka ta faɗa ba, kamar mai lissafa cefane. Fannami ya ce tun hantsi zazzaɓi ya kwantar da shi, ya cire takalminsa a ƙofa kamar kullum, barci ya ɗauke shi. Matarsa tana maƙwabta wajen ɗinki. Ihun Margaret ne ya tashe shi.

"Taso ka miƙo mini butar can," in ji Bamanga.

Fannami ya miƙe ya yi taku uku. Shekara tara na tura kura sun buɗe masa ƙafafu, kowacce na kallon nata gefen, ta hagun kuma jan ta yake, saboda wani tsohon rauni da ya zo da shi daga gida. Bamanga ya karɓi butar ya ajiye, ba alwala zai yi ba.

"Ka san wanda ya sa takalminka?"

"Ban sani ba. Ko na sani ma, wa zai ji? Mu baƙi ne, Malam Bamanga. In akuya ta ɓata, mu ne. In waya ta ɓata, mu ne. Yarinyar nan Humaira a ɗakin nan aka haife ta, da Hausar Gombe ta buɗe baki. Ita ma baƙuwa ce."

*

Da yamma Jerome ya zo da sabon labari. Wai ranar Alhamis an ga Rabe mai sayen tsofaffin ƙarafa yana zagaye gidan, har ya tambayi nauyin lambar. To ga wanda Fannami ya sayar wa, in ji Jerome. Bamanga ya hau bayan kekensa suka tafi Bolari.

Suka sami Rabe a kan tulin gwangwani yana rigima da sikeli. Ƙato ne, ƙafarsa kamar faranti, takalmin Fannami ko yatsunsa ba zai ɗauka ba.

"Na tambaya mana!" in ji Rabe. "Laifi ne? Ni duk abin da ke ƙara in an buga shi sai na tambayi nauyinsa. Amma wallahi ko kyauta aka ba ni sai na yi tunani. Lambobin nan na 'yan wasa ruwan zinare ne kawai aka shafa, na taɓa sayen ta wani ɗan dambe, ko kuɗin mai ban fitar ba. Mai ita kaɗai take wa amfani."

"Ina kake lokacin Juma'a?"

"Sahun gaba, kusa da ladan. Je ka tambaya, har taka shi na yi."

A hanyar dawowa Jerome yana ta faɗa, wai duk bakinsu ɗaya. Bamanga kuwa wata maganar Rabe yake juyawa, mai ita kaɗai take wa amfani.

*

Asabar da sassafe ya tafi titin da ke bayan filin wasa, inda aka ce masa kocin Jacinta yana horar da 'yan mata. Sunansa Gilbert, gajere mai furfura da usur a wuya. 'Yan mata biyar suna tafe a gefen kwalta, kan rairayin da ruwa ya tara, ƙugu na juyawa, gwiwar hannu na sama da ƙasa. Bamanga bai kalli jikinsu ba. Da suka wuce ya tsuguna, ya ciro igiyarsa ya shimfiɗa.

"Baba, me kake aunawa?" in ji Gilbert.

"Me ya sa suke taka layi ɗaya?"

"Haka wasan yake. Ba a gudu, dole ƙafa ɗaya tana ƙasa kullum. Dunduniya ke fara sauka, gwiwa a miƙe. In ka buɗe ƙafa ka yi asarar tazara, shi ya sa muke zana layi su yi ta bi. Bayan shekara biyu ko banɗaki za su je, haka suke tafiya. Jiki ba ya mantuwa."

"Jacinta ta yi shekara nawa?"

"Takwas."

"Me ta samu a can?"

Gilbert ya saka usur a baki ya fitar bai busa ba. "Ta yi tafiyar da ba ta taɓa yi ba tun da aka haife ta."

"Ba shi na tambaya ba."

"Shi na amsa."

Sai Bamanga ya gaya masa cewa da la'asar za a kori mutum da matarsa da 'yarsa daga Tudun Wada saboda akwatin nan. Gilbert ya juya yana kallon 'yan matansa da suka yi nisa.

"Daƙiƙa goma sha ɗaya," ya ce. "Tsakaninta da wadda ke gabanta. Ƙasa ta dawo da lambobi, an yi kiɗa a filin jirgi, an yi jawabi. Wanda ya zo bayan na uku kuwa, da jakarsa ya hau motar dare zuwa gida. Na ce mata ta faɗa tun ranar. Ta ce ta ga bidiyon babanta yana rawa a titi da gari a ka."

*

Ruwan kwari ya janye ya bar rairayi mai santsi. Bamanga ya bi gaɓa a hankali daga inda sawun ya shiga. Bai yi taku ɗari ba ya ga inda aka fito, ƙarƙashin wata kwalbati, da alamun gwiwa biyu a inda ruwa bai kai ba. Ya janye wani dutse. Akwatin yana nan a naɗe cikin leda, kwaɗonsa a kulle.

Ya ɗaga shi. Ba nauyi. Ya girgiza a kunne, sai wani ɗan motsi kamar na allurai. Wane irin ɓarawo ne zai ɓalle taga, ya shiga ruwa, sannan ya naɗe kaya a leda kada su jiƙe, ko kwaɗon bai taɓa ba? Ya sa akwatin a jakarsa. A da, in ya kai ƙarshen sawu, jininsa har rawa yake. Yau yunwa kawai ya ji, ita ma ba sosai ba.

Ya sami Jacinta a bayan gida tana wanki ita kaɗai. Ya zauna a kan turmi.

"Na je ƙarƙashin kwalbati."

Hannunta ya tsaya a cikin kumfa.

"Ban ce shi ya ɗauka ba, Bappa."

"Bakinki bai ce ba."

"Takalmin ne kawai na tarar a ƙofa. Na ga in na sa nawa za a gane. Ban yi tunaninsa ba sam." Ta ci gaba da cuɗa rigar da ta riga ta fita. "Jiya na ga Jerome da faskare, na ce yanzu zan ji wani abu, in yi magana. Ban ji ba. Tun da na taka layin ƙarshe a can ba na jin komai. Ana rungume ni kamar ana rungumar buhu."

"Na san garin nan da kike ciki. Shekarata goma sha biyu a can." Ya miƙe yana dogara sanda. "Ni ba na kiran suna, na daina. Amma da la'asar zan jiƙa ƙasa, kowa ya taka. Ya Aisa ta gama ɗaure kayanta."

*

La'asar ta yi, unguwa ta taru a bayan gidan Titus. Mai unguwa a kan kujera, Rabe an kira shi yana ta mita, Fannami a tsaye can gefe shi kaɗai, kamar mai cutar da ake gudu. Bamanga ya sa aka share wani fili kusa da tsohon sawun, aka yayyafa ruwa. Sannan ya buɗe kwanukan ɗaya bayan ɗaya, ya miƙe igiyarsa daga sawun farko zuwa na bakwai.

"Ku duba da idonku, kada gobe a ce Bamanga ya ce."

Aka duba. Hagu da dama, duka bakwai ɗin suna kan igiyar, kamar an jera su da gangan.

"Fannami, sa takalminka ka taka."

Fannami ya taka. Sawunsa ya fito ɗaya gabas ɗaya yamma, na hagu da jan layi a bayansa. Aka shimfiɗa igiya ta bi tsakiya, ko ɗaya ba ta taɓa ba. Wata tsohuwa ta ce, "Ikon Allah."

Rabe ya taka da ƙafarsa ba takalmi, igiya ta wuce ta tsakiya. Jerome ya taka yana huci, haka. Titus bai ma gane me ake yi ba, aka riƙo hannunsa ya taka. Margaret ta taka tana riƙe da bakin zanenta.

"To, Bappa, sai me?" in ji Jerome. "Ba saura. Aljani ne ke nan?"

Bamanga bai kalli kowa ba. Ƙasa yake kallo, sandarsa kuma ya riƙe ta da hannu biyu kada ta nuna wani wuri. Mai unguwa ya fara gyara murya.

Sai Jacinta ta fito daga cikin mata. Ta cire silifas ɗinta, ta sa takalmin Fannami da ya yi mata yawa, ta taka. Taku bakwai, ba sauri, ba ta yi ƙoƙarin ɓoye komai ba. Bamanga bai ma shimfiɗa igiya ba, makaho ma zai gani. Faskaren da Jerome ya jingine a bango ya zame ya faɗi, ba wanda ya ɗaga.

Bamanga ya ciro akwatin ya ajiye a gaban mai unguwa. Jacinta ta zaro makulli daga sarƙar wuyanta ta buɗe. Wuyoyi suka miƙe. A ciki akwai wani ƙyalle fari mai faɗin tafin hannu biyu, da tabon gumi, an rubuta 214 a jiki, da filoli huɗu na maƙalawa.

"Mene ne wannan?" in ji Margaret.

"Lamba ce, Mama. Lambar da ake maƙala mana a ƙirji. Ita kaɗai na zo da ita." Ta juya wajen ubanta. "Baba, da ka tambaye ni a waya, cewa na yi lamba huɗu. Ta huɗu na zo."

Titus ya kara hannu a kunne. "Me ta ce?"

"Ta huɗu na zo, Baba."

"Eh?"

Abin da ta yi mako uku tana kasa faɗa a ɗaki da raɗa, sai ga shi dole ta faɗe shi da ihu a gaban unguwa. Ta cika ƙirji, jijiyar wuyanta ta tashi.

"BAN CI KOMAI BA! TA HUƊU NA ZO!"

Muryar ta karye a ƙarshe, kuka ya biyo baya, irin wanda ke durƙusar da mutum. Bamanga ya ji wani ɗan abu ya motsa a ƙirjinsa, kamar ƙafar da ta yi sanyi in jini ya fara dawowa. Bai daɗe ba ya lafa.

Titus ya sunkuya ya ɗauki ƙyallen, ya juya shi gaba da baya.

"Ku nawa ne?"

Ta nuna da yatsu, ashirin da biyu.

"Na Afirka duka?"

Ta gyaɗa kai.

Ya daɗe yana kallon 214. Sannan ya ninke ƙyallen ya sa a aljihun ƙirjinsa. Bai yi mata faɗa ba, bai lallashe ta ba. Ya ratsa mutane ya je gaban Fannami, ya cire hularsa, ya durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasar, dattijo mai shekara sittin.

"Ni ne ban ji ba," ya ce da muryarsa ta kan inji. "Kunnena ne ya ja maka. Ka yafe wa gidana."

"Ba komai, Baba Titus. Tashi." Fannami ya faɗa da sauri, yadda ake amsa gaisuwa. Sannan ya dubi Jacinta. "In kin gama da takalmin, akwai gidajen da ban kai wa ruwa ba tun jiya."

Ta cire ta kai masa da hannu biyu. Jama'a suka fara zamewa, kowa ya tuna yana da aiki. Waɗanda jiya suka fi kowa ɗaga murya su ne yau suke cewa dama su tun farko jikinsu bai ba su ba. Mai unguwa ya ce magana ta mutu, Fannami yana nan a ɗakinsa. Jerome ya ɗauki faskarensa ya shige gida ta ƙofar baya.

*

Bamanga ya naɗe igiyarsa. Ya ari tsintsiya ya share filin, tsohon sawu da sabo duka, domin ba ya barin abin da wani zai zo ya nuna da sanda. Da zai fita ta zaure sai ya ga ƙofar Fannami a buɗe. Aisha Humaira tana kwance a tabarma tana aikin makaranta. Ya Aisa ta koma kan ɗinkin hularta. Ƙullin kayan yana bayan ƙofa, ɗaure tam, tukunya ɗaya kawai aka zaro.

"Ya Aisa, ai an gama. Ba ki ji mai unguwa ba? Kwance kayanki."

Ta ciji zare ta tsinke, ta sake zura wani a allura kafin ta amsa.

"Na ji, Bappa. Allah ya saka da alheri." Ba ta ɗago ba. "Bar shi a ɗaure. Wani abin zai sake ɓata."